Kujeru Biyu na Gaba a Motar Ma'aikata

Ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da na shiga ofishin manaja da takardar sallamar Sa'idu a hannuna ba, ina tafe ina hura hanci kamar wanda ya kama ɓarawo. A kakar farko ce bayan an cire tallafin man fetur. Shekarata goma sha ɗaya ke nan a wannan kamfanin casar shinkafa namu na Kura, huɗu daga ciki a kujerar jami'in kula da ma'aikata. Ku da kuka zo daga baya kuka tarar da farar bas tana sauke ku a bakin ƙofa kowace safiya, har kuna ƙorafin wai kujerunta sun yi tauri, to ku gyara zama ku ji inda ta samo asali.

Bari in fara bayyana yadda aikin yake, saboda sababbin cikinku. Shinkafar da manoma ke kawo mana da ɓuntunta, wadda muke ce wa shanshara, ba a zuba ta a injin casa kai tsaye. Sai an jiƙa ta, an turara, an busar. Tururin kuwa daga tukunya ɗaya yake fitowa, babbar nan ta bayan sito da ake hura wa wuta da ɓuntu. Idan mai tukunya bai kunna wuta da ƙarfe shida da rabi ba, tururi ba zai kai ƙarfi kafin takwas ba, kuma duk wanda ya zo aiki sai dai ya zauna a kan buhu yana kallon ɗan'uwansa. Sa'idu shi ne mai tukunyar. Mutumin wani ƙauye ne ta wajen Bunkure, dogo, marar magana, kuma kafin wannan shekarar ban taɓa ganin sunansa a ƙasan jan layi ba.

Jan layin nan aikina ne. Akwai littafin sa hannu a wajen mai gadi, lokaci na cika sai in ja layi da jan biro, duk wanda ya sa hannu a ƙasa ya makara. Makara uku a wata, takardar tuhuma, a ba ka kwana biyu ka amsa a rubuce. Tuhuma uku a jere, sallama. Ni ban kafa dokar ba, amma wallahi na fi wanda ya kafa ta son ta. Kun san halina, ba sai an gaya muku ba. To wannan da kuke gani yanzu ai na yi sanyi.

Da kuɗin mota ya tashi, ya ninka ya kuma wuce, ma'aikata suka fara kuka. Kamfani bai yi kunnen ƙashi ba, aka ƙara wa kowa alawus na mota a cikin albashi. Sai dai abin da ya shiga takardar albashi ya zama kuɗin shiga, hukuma tana da nata a ciki. Aka yanki haraji, aka yanki na fansho, abin da ya iso hannun mutum bai kai yadda aka faɗa a taro ba. Wata biyu kuma direbobi suka sake ƙari. Ni duk wannan bai dame ni ba, don babur gare ni, gidana kuma nan cikin Kura. Abin da na riƙe a raina guda ne, an ba kowa kuɗin mota, saboda haka babu mai sauran uzuri.

Ana nan sai Sa'idu ya fara faɗowa ƙasan layi. Bakwai da kwata, bakwai da minti ashirin. Na ba shi tuhuma ta farko, ya dawo min da ita da layi ɗaya: "Na yi kuskure, a yi haƙuri." Ta biyu ma haka, ko waƙafi bai canza ba. Na kira shi ofis na ce, "Malam Sa'idu, rashin lafiya ce? Mota ce babu? Ka faɗi wani abu mana, ko ƙarya ce in samu abin rubutawa!" Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa ya ce, "Ranka ya daɗe, babu komai. Za a gyara in sha Allahu." Ba a gyara ba. Ran da ta uku ta cika, motoci biyu na 'yan kasuwa suka kwana ba a yi musu lodi ba saboda tururi ya makara. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zauna na buga takardar sallama da hannuna, ban ma bari sakatariya ta taɓa ba. Na san yana da mata da 'ya'ya biyar, na san ba shi da wata sana'a sai ɗan fegin shinkafar da bai fi ya ci da gida wata uku ba. Na sani sarai, na buga.

Manajanmu na lokacin, Alhaji Uba, ya yi ritaya yanzu, Allah ya ƙara masa lafiya, mutum ne da ba ya gaggawar ɗaukar biro. Ya karanta takardar har sau biyu, ya cire tabarau ya dube ni.

"Tijjani, me ya ce ya hana shi zuwa da wuri?"

Na ce, "Bai ce komai ba, Alhaji. Raini ne kawai. Alawus ɗin yake cinyewa."

"Ka gani da idonka?"

"Ba sai na gani ba, littafi ya nuna."

Ya ce, "Littafi ya nuna ƙarfe nawa ya iso, bai nuna ta ina ya biyo ba. Mutumin da ya shekara takwas yana riga mai gadi shan shayi ba ya lalacewa a wata uku haka kawai. Gobe ka yi asuba a ƙauyensu, ka ga motar da yake shiga. In ka dawo ka ce in sa hannu, zan sa." Ya jawo aljihun tebur ya jefa takardar ciki. Na fito ina ƙunƙuni, ina cewa a raina dattijon nan tausayi zai kashe masa kamfani.

Washegari ina idar da sallar asuba na hau babur. Gari bai gama wayewa ba na isa mararrabar ƙauyensu, inda 'yan adaidaita sahu da ƙananan bas ke lodi. Motoci ga su nan a jere, wasu ma kiran fasinja suke ba mai shiga. Na ce yawwa, magana ta ƙare, barci yake yi. Na tsaya wajen wani mai shayi na tambaye shi ko ya ga Sa'idu mai aikin kamfani. Ya ce, "Ai ya daɗe bai biyo nan ba. Ta bakin kanal yake bi."

Na ce, "A ƙasa?"

Ya ce, "To da me?"

Kun san hanyar bakin kanal, wannan ta jar ƙasa da ke bin babbar magudanar ruwan noman rani har kusa da Kura. Na karya kan babur na bi ta. Shinkafar damina ta nuna hagu da dama, wasu sun fara yanka. Na yi tafiya kaɗan sai na cim ma wani dattijo mai farin gemu, da 'yar jaka rataye a kafaɗa, yana tafiya a hankali yana ɗan tari. Na yi masa sallama ban ko rage gudu ba, don hankalina ba a kansa yake ba. Can gaba, tazarar da ba ta fi a ƙwalla kira a ji ba, sai ga Sa'idu. Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya naɗe ƙafar wando, yana zuba sauri, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi a wannan sanyin safiya.

Kai! Na sha gabansa na ce ya hau. Ya tsaya yana jan ƙafa, wai in je kawai zai ƙaraso. Na daka masa tsawa, "Hau mana, Malam! Umarni ne!" Sannan ya hau.

Na lura da wani abu a rayuwa, mutumin da ba zai iya yi maka magana ido cikin ido ba, in yana bayanka a babur bakinsa yakan buɗe. Na ce masa takardar sallamarsa tana aljihun teburin manaja, kuma abin da zan faɗa yau shi zai sa a sa mata hannu ko a fasa. Muka yi tafiya mai ɗan tsawo, sai na ji muryarsa a bayan kunnena.

Ya ce mahaifin mai ɗakinsa yana da ɗan tebur a bakin kasuwar Kura, yana sayar da irin albasa da na tumatir. Kullum da safe a mararrabar nan suke haɗuwa, mota ɗaya suke shiga. "Shekara tara da aurenmu, ranka ya daɗe, ban taɓa bari Baba ya sa hannu a aljihu a gabana ba. Wani lokacin ma da ƙaninsa, ko wani abokinsa, duk ni nake biya." Ba sai na yi muku bayani ba, dukkanku 'yan ƙasar nan ne. Ka tarar da babba a mota, balle suruki, kai ne da biya, shi kuma ya ji kwandasta ya ce an biya masa. Da kuɗin ya tashi, Sa'idu ya fara da barin abincin rana. Daga baya abin ya fi ƙarfin haka. Alawus ɗin ko shi kaɗai bai kai shi ƙarshen wata ba, balle mutum biyu. Sai ya daina zuwa mararrabar don kada su haɗu, ya koma bin bakin kanal a ƙasa.

Na ce, "To ka je gaba ka tari mota mana."

Ya ce, "Motocin ai su ne dai. In na tsayar, yana iya kasancewa a ciki."

"Keke fa?"

"Na sayar na sayi taki da damina."

Zuciyata ta sake tasowa, na ce, "Haba Sa'idu! To me ya hana ka rubuta wannan a amsar tuhuma? Sau uku ina tambayar ka!"

Ya ce, "In rubuta a takarda cewa surukina ya yi min nauyi? A sa a fayil, kowa ya karanta? Gara a kore ni."

A haka muka iso kamfani. Ranar ya sa hannu a saman layi, ni ne ma na makara wajen jan sa.

Na shiga wajen Alhaji Uba na zayyana masa komai, ban rage ba, har da cewa ni na yi kuskure. Bai ce ai na gaya maka ba, kuma har yau ina gode masa da wannan. Ya aika aka kira akantarmu, Malama Binta. Na ce a ƙara alawus kawai. Ta girgiza kai ta ce, "Duk abin da kuka ƙara a albashi sai an yanka, direbobi kuma ba su daina ƙari ba. Amma in kamfani ya ɗauki hayar mota da kansa tana ɗauko ma'aikata gaba ɗaya, wannan hidimar gudanar da aiki ce. Ba ta shiga takardar albashin kowa, ba a yankar wa ma'aikaci komai a kanta." Ta ce a ba ta kwana uku ta tabbatar a ofishin haraji, kada mu yi abin da za a zo ana tuhumar mu. Ta je, ta dawo da amsa a rubuce. Manaja ya kai wa masu kamfani, suka ja, ya ja, a ƙarshe suka amince da bas ɗaya, sawu biyu da safe, na farko don mai tukunya da masu busarwa.

Aka ce in rubuta ƙa'idojin motar. Ni kuwa da doka, kun sani. Na jero su tsaf, ta farko da manyan baƙaƙe: ma'aikata kaɗai, ban da ɗan'uwa, ban da aboki. Alhaji Uba ya karanta ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Tijjani, ka je ƙauyen nan ka dawo da rabin karatu. Yanzu so kake Sa'idu yana zaune a mota ya wuce surukinsa a tsaye a bakin titi? Wallahi jibi za ka same shi a bakin kanal." Ya karɓi jan birona, nawa na kaina, ya soke layin. Ya rubuta cewa kujeru biyu na gaba ba na kowa ba ne, na dattijon da aka tarar a hanya ne, namiji ko mace, kuma ba a karɓar kuɗi a motar daga hannun kowa. Malama Binta ta ce ba matsala, tunda hayar motar sukutum aka yi, ba kujera-kujera ba.

Ranar da aka fara, na bi sawun farko don in ga yadda za ta kaya. Tun kwana biyu kafin nan na sa direba ya baza labarin kujerun a mararraba. Muna tsayawa sai ga Sa'idu, ga kuma wani dattijo a gefe. Sa'idu ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, ya buɗe masa ƙofar gaba, shi kuma ya wuce can kujerar ƙarshe ya takure. Dattijon ya zauna kusa da ni, ya fara laluben aljihu. Direba ya ce, "Baba, ba a biya a motar nan. Ko manaja ya shiga ba ya biya." Ya mayar da hannunsa a hankali. Sai ya yi ɗan tari, na dubi jakar da ke kan cinyarsa, na dubi gemun. Nan take na gane shi, dattijon bakin kanal ne.

Ya rage murya ya ce, "Kai ne mai babur ɗin ran nan."

Na ce, "Ni ne, Baba. A gafarce ni, ban tsaya ba."

Ya ce, "Gara da ba ka tsaya ba." Ya ɗan waiga ya tabbatar Sa'idu na nesa, sannan ya ci gaba. Ya ce tun da kuɗin mota ya tashi yake ganin yadda yaron nan ke juya baya yana lalube kafin ya miƙa wa kwandasta. In ya ce zai biya nasa, ya kunyata shi a gaban mutane. Sai ya yanke shawarar ya bar masa mararrabar, ya riƙa bin bakin kanal. "Ranar farko da na biyo, sai na hango shi a gabana. Ikon Allah! Sai na rage sauri. Kullum haka, in bar shi ya yi nisa, kada ya waiwayo ya gan ni. Shi yana makara a aiki, ni ina makara a kasuwa." Ya dafa gwiwata ya ce, "Don Allah kada ka gaya masa."

Na juya fuskata waje ina kallon gonaki, don kada direba ya ga idona. Ni Tijjani, da ake cewa ba ni da hawaye.

Na riƙe amanar. Dattijon ya yi ta shiga kujerar gaba har zuwa bara, lokacin da Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama. Muka je ta'aziyya da Alhaji Uba. Da mutane suka ragu, na ja Sa'idu gefe, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Na ga tunda mai maganar ya tafi, ya kamata ya san irin surukin da Allah ya ba shi. Na kwashe labarin na gaya masa. Ya saurara har na gama, idonsa a ƙasa.

Ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

Na ce, "Ka sani?"

"Tun rana ta biyu na gane tarinsa a bayana. Shi ya sa ban taɓa waiwayawa ba."

Na ce, "To ai da ka san ya bar mararraba, sai ka koma shiga mota! Ka kusa rasa aikinka fa!"

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko ke nan da ya taɓa kallona ido cikin ido. Ya ce, "In hau mota, shi yana tafe a ƙasa saboda ni? Ranar da ka ɗauke ni a babur na bar shi a baya, wallahi ta fi min ranar tuhuma ciwo."

Shi da bakinsa ya ba ni izinin in riƙa ba ku labarin nan, don a riƙa yi wa Baba addu'a. To ku yi masa.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu na kula da ma'aikata, littafi ba ya ƙarya, amma abin da ya faɗa kaɗan ne. Mutanenmu na nan za su iya jure yunwa, su jure tafiyar ƙasa, har su jure kora, amma akwai maganar da ba za su taɓa rubuta maka a takarda ba. In ka ga amsar tuhuma ta zo da layi ɗaya, ba lallai raini ba ne, tashi ka je ka gani. Kuma taimakon da za ka yi wa ma'aikaci, ka duba ko zai isa hannunsa cikakke, ka duba kuma ko zai iya karɓar sa ba tare da ya ji kunyar na gaba da shi ba.

Ina gode wa Allah da ya haɗa ni da shugaban da ya ƙi karɓar magana a bakina sai da ya tura ni na gani. Ina gode wa Malama Binta da ta san aikinta. Ina gode wa Sa'idu da bai riƙe ni a zuci ba, yanzu ma shi ne shugaban sashen tururi, kuna gaishe shi kullum. Ranar da Alhaji Uba zai bar ofis ya kira ni, ya jawo aljihun tebur ya miƙo min takardar nan, wajen sa hannu fari fat yadda na kai ta. Tana cikin nawa aljihun teburin yanzu, a saman jan biro, duk ran da zan ɗauko shi sai na ɗaga ta tukuna.

Saboda haka gobe in kun shiga motar kuka ga kujerun gaba babu kowa, kada wanda ya ce ya gaji da tsayuwa ya ɗare. Akwai mai su a hanya.